Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali da Muryar da Ya Bari a Faifai

Da wuya ɗalibin Hausa ya kammala kwas ɗin waƙar baka a kwalejin ilimi bai ci karo da sunan Ibrahim Narambaɗa ba. Idan malami yana neman misalin yabo ko zuga ko zambo ko habaici, taskar wannan makaɗi yakan fara buɗewa, domin akwai su birjik a cikinta, kuma kowanne ya nuna. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, ta wace hanya waɗannan waƙoƙi suka iso cikin aji? Narambaɗa makaɗin baka ne, bai bar wani diwani a rubuce ba, ya kuma rasu fiye da shekara 60 da suka wuce. Duk wani ɗan waƙarsa da ake gani a littafi ko a kundin digiri, wani ne ya kasa kunne ga faifai ya rubuto shi. Saboda haka duk mai son ya san Narambaɗa sai ya bi rayuwar da ya yi a Tubali da Isa, sannan ya bi tafiyar da muryarsa ta ci gaba da yi a kan zaren tef bayan an rufe shi.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ibrahim a garin Tubali a ƙarshen ƙarni na 19, wato tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Tubali a yau tana cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara, ita kuwa Isa, inda ya yi suna, tana cikin Jihar Sakkwato. Wannan rabuwa ta samu ne a 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. A zamaninsa duk yankin yana cikin Lardin Sakkwato, mutanensa suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, karin harshensu kuma ɗaya ne.

Masu bin tarihinsa sun ruwaito cewa mahaifinsa, Maidangwale, asalinsa mutumin Filinge ne ta ƙasar Nijar, zama ya kawo shi Tubali. Mahaifiyarsa, Riba, 'yar Badarawa ce, kuma a danginta ne ake da kiɗa. Ke nan Ibrahim bai gaji kiɗa ta wajen uba ba, kamar yadda aka fi sani ga makaɗan fada, ta ɗakin uwa ya same shi. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran garinsu, ya yi noma, ya kuma shiga fagen kokawa da ƙuruciya har aka san shi. Wannan zama da ya yi a fage bai tafi a banza ba. Wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar da'ira yana jin makaɗi na kiran sunan ubansa da na kakansa, ya san abin da kirari ke yi wa jinin namiji, sanin da ba a samun sa ta hanyar ji kawai.

Laƙabin da ya danne sunansa na yanka ma daga ƙuruciya ya samo shi. An ce yana da wani kare da yake ji da shi mai suna Rambaɗa, sai abokai suka riƙa kiransa Ibrahim na Rambaɗa, har sunan ya haɗe ya zama Narambaɗa. Abin ban sha'awa ne a ce sunan da yanzu ake bugawa a bangon littattafai da kundayen jami'a daga karen wani saurayin ƙauye ya taso.

Daga gona zuwa fada

Narambaɗa bai faɗa fada kai tsaye ba. Da waƙoƙin noma ya fara, yana bin manoma wurin gayya yana zuga su. Kiɗan noma makaranta ce mai wuya. Dole makaɗi ya san kowane sarkin noma da asalinsa da yawan damman da ya ɗaure bara, ya san wanda ke gasa da wani, ya daidaita kiɗansa da saukar garma, ya kuma iya ƙago magana nan take idan wani ya yi fice ko wani ya noƙe. Babu zama a shirya waƙa a gida a zo a rera, abin da ido ya gani shi baki ke sarrafawa. Daga wannan fage ne ya koyi abubuwa biyu da suka bi shi har tsufa, wato iya tayar da tsimin wanda ake yi wa waƙa, da iya soke abokin hamayyarsa da magana ba tare da an kama suna ba.

Da sunansa ya fara tashi sai ya karkata ga masu sarauta, ya riƙe kotso, wanda shi ne kayan kiɗan dangin mahaifiyarsa. Kotso ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, sai dai baki ɗaya ake rufe mata da fata, ɗayan a bar shi buɗe. Akan shafa nake a tsakiyar fatar don sauti ya yi kauri, ana rataya ta a kafaɗa, a kaɗa da hannu, a riƙa matsa tsarkiyoyinta don a ɗaga murya ko a sauke ta. Yana da kyau ɗalibi ya riƙe wannan bayani, domin kotso ba rakiya kurum yake yi wa waƙa ba. Yana bin hawa da saukar muryar Hausa, har wanda ya saba yakan ji abin da yake faɗa. Kotso da taushi da jauje duk kayan kiɗan fada ne, ba a ɗaukar su a bi kasuwa da su.

Zamansa a fadar Isa

Ubangidan da sunan Narambaɗa ya manne da nasa shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda aka fi sani da Amadu Bawa, wanda ya riƙe sarautar daga 1935 zuwa 1975. A nan akwai wani abu da kan rikita ɗalibai. Sarautar Sarkin Gobir ta Isa ba ta gidan Gobirawa ba ce irin ta Sabon Birni. Masu riƙe da ita zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ɗan Shehu Usmanu, sunan ƙasar da suke mulki ne sarautar ta ɗauka. Wanda bai san wannan ba zai yi mamakin yadda makaɗi ke danganta Sarkin Gobir da Shehu da Bello, alhali littafin tarihi ya gaya masa cewa da Gobir aka gwabza a lokacin jihadi.

Zamanin da Narambaɗa ya zauna a fada zamanin En'e ne. Hakimi shi ke tara haraji da jangali, shi ke fita rangadi, a bayansa akwai Sarkin Musulmi, a bayan Sarkin Musulmi akwai Razdan. Yaƙi ya ƙare, takobi ya koma kube, amma neman sarauta bai ƙare ba. Kowane gidan sarauta cike yake da 'yan sarki masu jiran gado, kuma ana iya tuɓe hakimi a kan ƙara ko a kan kuɗin haraji. A irin wannan hali makaɗin fada ba mai nishaɗantarwa ba ne kawai. Shi ke tsayawa a bainar jama'a ya jero asalin ubangidansa, ya nuna cewa gadon nasa ne tun kaka da kakanni, ya kuma karya gwiwar masu hangen kujerar. Aikinsa ne ya yi kiɗa a daren Juma'a da ranakun salla da wurin naɗin sarauta, ya kuma bi sarki in ya hau. Shi kuma sarki ya ɗauki nauyin ci da sha da suturar makaɗinsa, ya ba shi doki da riga da rawani da hatsi. Makaɗin fada yakan ziyarci wasu sarakuna ya yi musu waƙa, amma da iznin ubangidansa, kuma komai nisan tafiya gida yake komowa.

Ba shi kaɗai ke wannan aiki a ƙasar Sakkwato ba. A fadar Sarkin Musulmi Abubakar na III akwai Salihu Jankiɗi da taushinsa, a Argungu da Yawuri an san Aliyu Ɗandawo, a Maradun ga gidan su Musa Ɗanƙwairo, daga baya kuma Sa'idu Faru ya taso da nasa kotson. Kowannensu gwani ne. Abin da ya sa ake ware Narambaɗa shi ne nauyin maganarsa.

Waƙoƙinsa

Babban turken waƙoƙin Narambaɗa yabon sarauta ne, kamar sauran makaɗan fada, tubalan da yake gina shi da su kuwa sanannu ne: asali, da addini, da jaruntaka, da kyauta, da iya mulki, sai zambo da habaici ga magabta. Bambancinsa yana ga yadda yake ɗaukar ƙaramin abu na yau da kullum ya ɗora masa babbar ma'ana. Dabbobin dawa da na gida, da ruwa da gulbi, da gona da doki, duk ya mai da su ma'aunin halayen mutane. Sarki yakan fito a siffar abin da ba a ja da shi, ɗan sarkin da ke hanƙoron gado kuma ya fito a siffar wata 'yar dabba mai yawan motsi da ƙarancin amfani. Yana cikin yabo sai ya ratse ya yi magana a kan duniya da juyinta, ko a kan haƙuri, ko a kan cewa mulki rabo ne daga Allah, sannan ya komo kan gindin waƙarsa kamar bai je ko'ina ba. Wannan ne ya sa manazarta da dama ke kallon sa a matsayin mai falsafa.

Waƙar da ta fi kowace shahara a cikin waƙoƙinsa ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu. A cikinta ya yabi ubangidansa, ya kuma yabi kansa da gwanintarsa ta waƙa, yabon da ba wanda ya iya ƙaryata shi har yau. Kalmar bakandamiya ta zama ma'auni a bakin Hausawa, duk aikin da ya fi sauran ayyukan mai shi akan ce shi ne bakandamiyarsa. Mamman Shata ma yana da tasa. Wata waƙar da ta yi fice ita ce Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ya yi wa wani dokin sukuwa, inda ya ɗauki dabba ya yi mata irin kirarin da ake yi wa barde.

Narambaɗa ba shi kaɗai yake rera waƙa ba, ƙungiya gare shi. Shi ne jagora, yana da 'yan amshi waɗanda su ne kuma makaɗan, akwai kuma sanƙira mai cusa kirari da bayani a tsakanin ɗiya. Jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindi. Daɗin waƙar yana cikin wannan miƙa da karɓa. Harshensa kuma Hausar yamma ce tsantsa, inda ake cewa hwada a maimakon fada, tahi a maimakon tafi, shina a maimakon yana, ana kuma nannage baƙi a wuraren da Bakano ba ya yi. Idan aka ɗauki ɗan waƙa irin wannan aka rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, aka jera layukansa a takarda, to an sami kalmomi amma an bar rauji da kiɗa da numfashin jagora da shigowar 'yan amshi a waje. Takarda tana taimakon mai nazari, sai dai ba ta isa ta zama ita ce waƙar ba.

Rasuwarsa

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, ya bar ubangidansa a kan gadon sarauta. Ya rayu ya ga zuwan Turawa, ya ga jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya ga shigowar garmaho da rediyo, ya kuma kai ƙarshen mulkin mallaka. Wannan tsawon rai shi ya sa na'urar naɗar sauti ta riske shi. Da ya rasu shekara 20 kafin haka, da yanzu sunansa kawai ake ji, kamar yadda ake jin sunayen makaɗan sarakunan ƙarni na 19 ba tare da an san yadda muryoyinsu suke ba.

Yadda muryarsa ta iso ga na baya

Muryar Narambaɗa da ake ji a yau muryar dattijo ce. Waƙoƙin da ya yi a gona yana saurayi sun tashi tare da ƙurar gayya, domin a lokacin babu mai na'ura a kusa. Abin da ya tsira shi ne wanda aka naɗa a ƙarshen rayuwarsa, a shekarun da aikin rediyo ya fara kafuwa a Arewa. An kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya a 1951, aka sake mata tsari a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashen Hausa, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna a 1962, wanda rediyonsa ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1978. Gidajen rediyo na wancan zamani a kan babban tef mai naɗi a faranti biyu suke ɗaukar sauti. Ta hanyarsu ne, musamman Rediyon Kaduna, mutanen da ba su taɓa taka Isa ba suka san Bakandamiya.

Kaset ɗin da kowa ya sani kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, bai kuma bazu a ƙasar Hausa ba sai a shekarun 1970. Ma'anar wannan ita ce, babu wani kaset na Narambaɗa da yake na asali. Kowanne kwafi ne, mafi yawa ma kwafin kwafi ne. Wani ya ajiye rikodarsa a gaban rediyo ya ɗauka, wani ya ara ya juya, mai shago a kasuwa ya juya ɗari daga wannan, wani mai shagon a wani gari ya sayi ɗaya ya mai da shi uwa. Kowane juyi yana ƙara shuu a bayan sauti, yana kuma cinye kaifin baƙaƙe. Idan batir ya yi sanyi a lokacin ɗauka, ko injin wata rikoda ya fi na wata gudu, sai murya ta sirance ko ta yi kauri, kotso ma ya sauya amo. Gefe ɗaya na kaset minti 30 ne ko 45, saboda haka inda zare ya ƙare nan waƙa ke yankewa, mai shago kuma yakan datse farko ko ƙarshe don ya cusa wata. Sau da yawa abin da ake datsewa shi ne maganar mai gabatarwa ko ta sanƙira, inda ake faɗin wanda aka yi wa waƙar.

Duk da haka, a ce kaset ya yi ɓarna kawai rashin adalci ne. Shi ya kai Narambaɗa tasha da shagon tela da zauren manomi, shi ne kuma abin da manazarta suka dogara da shi. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin makaɗan fada a Jami'ar Bayero a 1988, ya kuma kawo tarihin makaɗa da dama a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum mai suna Narambaɗa a 2009. A 2019 Jami'ar Bayero ta shirya taron ƙara wa juna sani a kan waƙoƙinsa. Duk wannan aiki a kan kunne ya tsayu. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗa ɗaya na waƙa an rubuta shi iri biyu a kundaye biyu. Wani lokaci bambancin rerawa ne, domin makaɗin baka ba ya maimaita waƙa daidai da yadda ya yi ta jiya. Wani lokaci kuwa kaset ne ya dushe, mai rubutu ya ji kalmar da ya sani a maimakon tsohuwar kalmar Gobir ko ta Zamfara da makaɗin ya furta. Daga nan sai a gina sharhi mai tsawo a kan kalmar da Narambaɗa bai faɗa ba.

Da wayar hannu ta zo, sai waƙoƙin suka sake ƙaura. Masu tura waƙa a kasuwa suka juye kaset zuwa katin memori, daga nan zuwa YouTube da Facebook da WhatsApp. Yanzu yaron da aka haifa shekara 40 bayan rasuwar makaɗin yana iya jin sa a duk lokacin da ya so, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Amma yaɗuwa daban, adanawa daban. Yawancin abin da ke yawo an ɗauko shi ne daga gajiyayyen kaset, aka matse shi a tsarin mp3, wanda ke zubar da wani kaso na sauti don fayil ya yi ƙaranci. Ba a rubuta inda aka samo shi ba, balle shekarar da aka naɗa, har akan liƙa wa waƙar wani makaɗi sunan wani.

Ceton tsofaffin tef

Zaren tef leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, aka riƙe garin da wani irin danƙo. Sautin yana zaune ne a cikin yadda maganaɗisu ya jera wannan gari. Da yawa daga tef na shekarun 1950 da farkon 1960 da asitet aka yi su, wanda in ya tsufa yakan bushe ya riƙa tsinkewa, wani lokaci ya riƙa warin tsami, alamar ya fara ruɓewa ke nan. Wasu na shekarun 1970 da 1980 kuma danƙonsu ne ke shan danshi ya yi yauƙi, in an kunna sai garin ya kankare ya manne a kan na'ura, sautin ya tafi ke nan har abada. Zafin bazara da danshin damina da ƙurar hunturu duk abokan gabar tef ne, ga fumfuna, ga gara mai cin kwalin da aka rubuta bayani a kai. A da can ma, saboda tsadar tef, gidajen rediyo a ƙasashe da dama sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa.

Wata matsalar ita ce ta na'ura. An daina ƙera manyan rikodojin tef, masu gyaransu suna tsufa, kayan gyara suna ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗin cewa zuwa wajen 2025 samun na'urar da za ta kunna irin waɗannan tef yadda ya kamata zai yi wuya ƙwarai. Tef na iya zama lafiya lau a kan kanta, amma in babu abin kunna shi, da shi da babu duk ɗaya.

An ga inda aka yi wannan ceto aka kuma dace. A ƙasar Gini, tsakanin 2008 da 2013, wani manazarci ɗan Ostareliya mai suna Graeme Counsel ya zauna a ma'adanar gidan rediyon ƙasar da ke Konakiri, da tallafin shirin ceton ma'adanai na Laburaren Birtaniya, ya juye waƙoƙi sama da 9,000 daga tsofaffin tef zuwa tsarin dijital, yanzu kuma ana iya sauraron su ta intanet. A ɓangaren Hausa ma akwai naɗin da aka yi da kula, irin wanda David Ames da Anthony King suka yi a Zariya da Katsina a shekarun 1960, aikin da ya haifar da ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da ya ba irin wannan naɗi daraja shi ne an rubuta wanda ya yi kiɗan da wurin da ranar.

Ƙa'idojin aikin ba su fi ƙarfin kwalejin ilimi ba, musamman a kan kaset. Da farko a nemi kwafin da ya fi kusa da asali, ko da kwalinsa ya fi muni. Kaset mai fumfuna ko mai yauƙi ba a kunna shi don a gwada, domin kunnawar farko na iya zama ta ƙarshe, sai a kai wa wanda ya san aikin. A ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kaset don kada a goge shi bisa kuskure. A share kan rikoda, a haɗa ta da kwamfuta da waya, kada a ɗora makirfo a gaban lasifika. A ɗauki gefen gaba ɗaya, har da surutun farko da tarin wani da kukan jaki, a tsarin WAV wanda ba ya zubar da komai. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. In ana son a rage shuu ko a yi mp3 don aji, sai a yi a kan kwafi. A ajiye uwar a wurare biyu ko uku da ba gini ɗaya ba, a kuma mayar wa mai kaset abinsa tare da kwafinsa. Babban tef na gidan rediyo kuwa aikin ƙwararru ne.

Ba Narambaɗa kaɗai wannan ya shafa ba, shi ma dai ya yi sa'a, tun da yana da masu nema. A garuruwan ƙasar Gwandu irin su Diggi da Kalgo, kamar sauran ƙasar Hausa, an yi makaɗan noma da na dambe da na kokawa da zabiyoyin biki waɗanda ba su taɓa shiga gidan rediyo ba. In muryarsu ta tsira, to a kaset ɗaya ne da wani ya ɗauka a wurin gayya ko ajo, yana nan cikin adaka ko a ƙarƙashin gado. Ambaliyar da ta auka wa Jihar Kebbi a 2020 ta rushe gidaje masu yawa a garuruwan fadama, ruwa kuma ba ya tambayar abin da ke cikin adaka. Malamin da aka tura irin waɗannan garuruwa ya fi kowane manazarcin jami'a kusa da waɗannan kaset, domin iyayen ɗalibansa ne ke riƙe da su.

Aikin da ya fi juyewa wuya shi ne tambaya. Kaset ba ya faɗin ko wane ne ake yi wa zambo. Narambaɗa bai kama sunan waɗanda ya soka ba, amma duk wanda ke fadar Isa a ranar ya san da wa ake, ya san rigimar da ta jawo maganar, ya san ma'anar laƙubban da ake kiran sarki da su. Waɗanda suka ji wannan da kunnensu kusan duk sun ƙaura, saura 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu, su ma sun manyanta. Tun daga ƙarshen shekarun 2010 kuma hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a yankin Isa da Shinkafi da Sabon Birni, mutane suka watse zuwa birane da ƙetaren iyaka, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Saboda haka duk wanda ya sami tsohon kaset, kafin ya tashi daga gaban mai shi, ya kamata ya rubuta sunan makaɗin da na 'yan amshinsa in an sani, da wanda aka yi wa waƙar, da wurin da aka ɗauka da shekarar, da hannuwan da kaset ɗin ya bi. Sannan ya kunna wa dattijon waƙar, ya tsayar a duk inda wata kalma ta shige masa duhu, ya tambaya, ya kuma naɗi amsar a ajiye ta tare da waƙar.